Rinar da ke cin ƙudan zuma: kafin ka zuba fiya-fiya, karanta wannan

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina da amya guda 7 a wata 'yar gonarmu ta hanyar Gwarzo, biyar akwati biyu na gargajiya. Kwanaki na ga wani bidiyo a Facebook wai wata rina ce ta fito daga Asiya tana cinye zumar Turawa, to ni ma yau sati biyu kenan ina ganin wani ƙwaro mai ruwan ɗorawa yana shawagi a bakin amya yana cafke ƙudan, kuma zumar ta rage fita sosai. Ita ce ta iso mana? Wani ya ce in zuba fiya-fiya a ruwan suga in ajiye a wajen. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kiwon. In na fahimce ka abu uku kake tambaya, ko wannan ƙwaron shi ne rinar da ake magana, me ya sa zumarka ta daina fita, sannan ko maganin da aka ba ka zai yi. Bari in fara da na ƙarshen don shi ne ya tayar min da hankali. Dan girman Allah kar ka zuba fiya-fiya a ruwan suga, kar ka zuba Sniper, kar ka zuba komai mai guba a abu mai zaƙi ka ajiye kusa da amya. Wanda zai fara zuwa wajen ruwan sugan nan ba rina ba ce, zumarka ce, kuma ita in ɗaya ta samo zaƙi komawa take ta kira 'yan'uwanta, kafin azahar dubbai sun sha, wasu su mutu a wajen wasu su kai shi cikin saƙa. Na taɓa ganin haka da idona a gonar wani maƙwabcina da aka ba shi irin wannan shawarar saboda tururuwa, washegari da safe muka tarar da bakin amyoyinsa guda huɗu baƙi ƙirin da gawar ƙuda, biyu daga nawa da suke kusa su ma abin ya taɓa su, kuma zumar da ke ciki dole muka zubar don ba yadda za a yi ka sayar wa mutane ita su ba 'ya'yansu. Har yau in na tuna abin nan raina yana ɓaci.

Wace ce rinar da ka gani a bidiyo

Wadda ta addabi Turai masana suna ce mata Vespa velutina, asalinta kudu maso gabashin Asiya da Chaina. A 2004 aka fara ganinta a Faransa, a yankin Lot-et-Garonne, kuma abin da aka fi tsammani shi ne ta shigo ne a cikin kayan tukwane da aka yi oda daga Chaina. Binciken ƙwayoyin halittarta ya nuna duk wannan bala'in mai yiwuwa daga uwa guda ɗaya tak ya faro, wadda ta riga ta ɗauki barbara ta maƙale a wani lungu na kaya ta yi barcinta har aka sauke ta. Daga nan ta shiga Sifen a 2010, Fotugal a 2011, Italiya a 2012, Jamus a 2014, aka ganta a Ingila a 2016, kai har Amurka ta ɓulla a garin Savannah na jihar Jojiya a 2023. Kamanninta, jikinta baƙi-baƙi ne, ƙarshen ƙafafunta ruwan ɗorawa kamar ta sa safa, fuskarta ruwan lemo, sai ɗamara guda mai faɗi ruwan lemo kusa da ƙarshen cikinta, tsayin ma'aikaciya wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi, uwar ta kan kai 3.

Akwai kuma babbar yayarta, Vespa mandarinia, wadda uwarta ke kai santimita 5, ita ce yawanci ake nunawa a bidiyon nan masu tayar da tsikar jiki tana datse kawunan ƙuda, guda 30 nata suna iya gamawa da amya mai ƙuda 30,000 a 'yan awanni. Ita a 2019 aka ganta a Kanada da jihar Washintan, Amurkawa suka bi ta gida-gida da na'ura har suka sanar sun kawar da ita a Disambar 2024. Sai ta uku wadda ni a ganina mu ita ya kamata mu fi sa wa ido, Vespa orientalis, ja-ja ce kamar jan ƙasa da ɗamara ruwan ɗorawa, tana gida a rami ko a tsagar katanga, ta daɗe tana wahalar da masu kiwon zuma a Masar da ƙasashen Larabawa. Dalilina shi ne ita zafi da bushewa ba sa damunta, irin yanayinmu kenan, ita kuwa ta Faransa ta fi son wuri mai laima da ruwa a kusa.

To ita ce a gonarka? Gaskiya daga bayanin baki ba zan yanke maka hukunci ba, sai na ga ƙwaron ko hotonsa. Amma a shekarun da na yi ina kiwon nan, daga amyoyina na wajen Tiga har na mutanen da nake dubawa wajen Doguwa da Tudun Wada, ban taɓa cin karo da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, kuma yadda ka ce mai ruwan ɗorawa ne ya sa na fi zargin wani ɗan gida. Akwai wani ƙwaro dangin zanzaro, siriri, bai fi ƙudan zuman girma da yawa ba, cikinsa ruwan ɗorawa shar, masana na ce masa Philanthus, sana'arsa kenan kamun ƙudan zuma, ya harbe shi ya sandare ya rungumo shi a ƙarƙashin cikinsa ya kai rami a cikin yashi ya yi ƙwai a kansa. In shi ne, duba ƙasa mai rairayi da rana ke duka a kusa da amyoyin, za ka ga ƙananan ramuka da 'yar tsibin ƙasa a bakinsu, nome wajen ka jiƙa shi ko ka rufe da ciyawa, sau da yawa shi kenan an wuce wajen. Zanzaron da ke gini da taɓo a ɗaki kuwa ba ruwansa da zuma, tsutsa da gizo-gizo yake nema, rinarmu ta ƙarƙashin rumfa mai gida a buɗe ita ma tsutsar gona ta fi ci, taimakon manomi take, ba sai ka bi kowace rina da wuta ba.

Amma kar ka ce don haka tambayarka ba ta da muhimmanci. Kano garin kasuwa ce, kullum kwantena na shigowa daga Chaina zuwa Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a farkon 2023, kuma ka ji yadda ta shiga Faransa, uwa ɗaya a cikin tukunya. Saboda haka sanin yadda ake kare amya daga irinta ba ɓata lokaci ba ne, kuma mafi yawan dabarun suna aiki a kan duk wani ƙwaro da ke tsare bakin amya, har da wanda ke damunka yanzu.

Ba cin da take yi ne ke kashe amya ba

Nan ne mutane da yawa ba su gane ba, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Rinar nan ta Faransa zuwa take ta tsaya cak a iska a gaban ƙofa, ta juya wa amyar baya tana fuskantar masu dawowa daga kiwo, don ta san wanda ya dawo ya gaji kuma ya yi nauyi da ruwan fure. Ta cafke shi ta kai reshe, ta cire kai da fukafukai da ciki ta yar, ƙirjin kawai take ɗauka don nan tsoka take, ta kai wa 'ya'yanta, ita kanta babbar ba nama take ci ba, zaƙi take sha. An ƙiyasta a Faransa gida guda yana cin ƙwari wajen kilo 11 a shekara, ba zuma kaɗai ba, har da ƙudaje da sauran ƙwarin da ke barbarar furanni. To amma amya mai ƙarfi da sarauniyarta ke zuba ƙwai ɗaruruwa a kullum ba ta rushewa don an ɗauke mata ƙuda talatin ko hamsin a yini. Abin da ke rusa ta tsoro ne. Da zarar rina biyu uku sun tsare ƙofa sai ma'aikatan su ƙi fita, su taru cunkus a bakin ƙofa suna gadi, ba mai ɗebo ruwa ba mai kawo garin fure, sarauniya ta ga abinci ya tsaya ta rage ƙwai, tsofaffin su mutu ba masu maye gurbinsu, a cinye abin da aka tara, sai amya ta rame a tsaye kamar garin da aka yi wa ƙawanya. Sai ta yi laushi tukuna rinar ke kutsawa ciki ta kwashe tsutsa da zuma. Ka ga wannan rage fitar da ka ce kana gani, ita ce alamar da ta fi damuna a duk bayaninka, ko ma wane ƙwaro ne.

Ƙudan zuman Asiya da suka tashi tare da ita sun san makamarta, in ta matso sai ɗaruruwa su dunƙule ta a tsakiya suna karkaɗa jiki har zafin ciki ya kai wajen digiri 46, ita ta mutu su kuma suna iya jure ɗan abin da ya fi haka. A Biyetnam ma an ga suna ɗebo kashin dabbobi suna ɗigawa a bakin ƙofa don korar wata babbar rina, abin ya burge ni don mu ma da kashin shanu muke yaɓe amyar gargajiya tun kaka da kakanni. Na Turai ba su iya wannan sosai ba shi ya sa abin ya yi musu yawa. Namu na nan dangin na Turai ne amma sun fi su faɗa nesa ba kusa ba, duk wanda ya taɓa buɗe amya da rana tsaka ya sani, sai dai suna da wani hali da dole ka sa a lissafi, in aka matsa musu ba sa zama a mutu a gida, tattarawa suke su yi ƙaura. Bature yana tsoron amyarsa ta mutu da yunwa a lokacin sanyi, kai kuwa abin tsoronka ka zo wata safiya ka tarar da akwati wayam.

Abin da za ka yi a bakin amya

Fara da ƙofa. A Turai suna rage tsayin ƙofar zuwa milimita 5 da rabi, ƙuda ya wuce rina ba ta iya shiga. Kana iya yi da ɗan falankin katako ko gwangwani da aka fasa, amma ka kula, mu a Kano muke, watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, in ka toshe ƙofa ka bar ɗan rami ɗaya saƙa za ta narke ta zubo kuma da kanka ka kore su. Rage tsayin ne kawai, faɗin ka bar shi, ko ka yi ramuka da yawa a jere, ka tabbatar akwai inuwa, darbejiya ko mangwaro ko rumfar zana. Mazan zuma sun fi ma'aikata kauri suna iya maƙalewa, don haka riƙa dubawa kana share ƙofar. Amyoyinka biyu na gargajiya kuma duba murfin da gindin, duk wata tsaga ka yaɓe ta, ƙofa ɗaya ake iya gadi ba biyar ba.

Na biyu, ka hana mafarauciyar samun filin tsayawa. Faransawa suna yi wa gaban amya wani keji na waya kamar takunkumi, ya turo gaba kamar taƙi ɗaya ko fi, ramukansa ƙuda na wucewa ta ko'ina, sai ya zama rinar an tura ta nesa da ƙofa kuma ba ta san ta inda za a fito ba. Ba ya hana kamu gaba ɗaya, amma yana rage tsoron, zuma ta ci gaba da fita, kuma ai tsoron ne ciwon. Duk mai walda ko mai yin kejin kaji a unguwarku zai haɗa maka. Wasu kuma ciyawa suke bari ta yi tsayi a gaban amya, ni ban cika so ba a nan, don doguwar ciyawa gada ce ga tururuwa da ƙwarkwasa, da rani kuma gobara ce, gara ka kakkafa busassun rassa a gaba ba tare da sun taɓa akwatin ba. Ka kuma zagaye ƙarƙashin teburin da buhu don ta kan laɓe a nan.

Sai abinci da ruwa, wannan kar ka yi wasa da shi. Tunda sun rage fita, kai musu ruwa kusa, a kasko da tsakuwa ko 'yan karare a ciki yadda ba za su nutse ba, kuma in ka ɗaga akwati ka ji ba nauyi ba su ruwan suga, kofi ɗaya na suga kofi ɗaya na ruwa, a CIKIN amya, da yamma liƙis, kar ka bari ya zuba a waje don ƙamshin ne ke kiran ɓarayi. Ka rage yawan buɗe-buɗe, in ka yanki zuma kar ka bar guntun saƙa a ƙasa. In cikin bakwai ɗin akwai biyu da suka yi rauni sosai haɗe su wuri guda, na san da ciwo mutum ya ga lissafinsa ya koma shida, amma raunanniyar amya ita ake fara ci, kuma ita ke koya wa maƙiyi hanyar gonarka.

Maganar tarko, yana da amfani amma an fi zuzuta shi. Gorar ruwa ta roba za ka yanke kanta ka kifa shi ciki kamar mazurari, ka sa guntun kifi ko nama, zuma ba ruwanta da nama. In zaƙi za ka sa to sai wanda ya yi tsami, ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba da ɗan yis da ya kwana uku, warin tsamin yana korar zuma, Turawa giya suke zubawa mu kuwa wannan ya wadatar. Ka huda ƙananan ramuka a gefen gorar yadda ƙananan ƙwari za su fice, don matsalar tarko kenan, a Turai an ga yawancin abin da yake kashewa ba rinar ba ce, ƙwarin da ba su ji ba su gani ba ne. Ni na fi ɗaukarsa a matsayin ɗan leƙen asiri, ya nuna maka wane ne ke zuwa, ba wai shi zai ƙare yaƙin ba. Mai amya 7 irinka ma in ya tsaya rabin awa da safe da faffaɗan abin duka yana make su zai rage da yawa. Akwai kuma wata na'ura da suke yi a Sifen da Faransa, wayoyi ne a jere a tsaye da tazarar da ƙuda zai wuce amma fukafukan rina su taɓa biyu lantarki ya make ta, da sola take aiki, ban gwada da hannuna ba don haka ba zan ce maka ga yadda za ta yi da ƙurar hunturunmu ba.

Gidan shi ne maganar

Duk abin da na lissafa sayen lokaci ne, in dai rinar mai zaman taro ce to sai an samo gidan. Ta Faransa uwa ɗaya ce ke fara ɗan gida kamar lemon zaƙi a ƙarƙashin rumfa ko cikin shago, in ma'aikata sun yi yawa su koma can ƙololuwar bishiya su gina wani kamar tulu ko ya fi, rufaffe ruf da abu kamar takarda, ƙofarsa a gefe, mai ɗauke da dubbai, a ƙarshen shekara kuma ya saki sababbin uwaye ɗaruruwa, kowacce gida ce ta baɗi. Shi ya sa gida ɗaya da aka cire da wuri ya fi rina dubu da aka kama a gora. Yadda ake nemo shi ba wuya sai haƙuri, ka ajiye abinci a fili nesa da amya, in ta saba zuwa ka ɗiga mata ɗan fenti ko jan farce a baya, ka duba inda ta nufa in ta tashi, ka kuma duba agogo har ta dawo. Masu bin sawunta a tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa suna lissafin duk minti ɗaya na zuwa da dawowa kamar mita 100 ne. Sai ka matsar da abincin ta wancan ɓangaren ka sake, wuri biyu uku, inda layukan suka haɗu nan za ka ɗaga kai, yawanci ba ya wuce kilomita ɗaya.

In ka same shi kar ka yi jarumta, ina roƙonka. Rina ba kamar zuma ba ce da ke harbi sau ɗaya ta bar ƙarinta, ita maimaitawa take, kuma in aka matsi gidan gaba ɗaya suke fitowa, rigar zumarmu ta yau da kullum ƙarinta na iya huda ta. Ba a jifa, ba a hawa bishiya da fetur da ashana, ba a tura yara. Masu aikin da almuru ko da asuba suke yi lokacin duk suna ciki, da kaya masu kauri da doguwar sanda. Wanda aka harba kuma ya fara jin numfashi na sarƙewa, ko leɓe da maƙogwaro na kumbura, ko jiri, asibiti kai tsaye ba jiran jiƙo.

Yanzu ga abin da nake so ka yi gobe in Allah ya kai mu. Je gonar da hantsi, ka zauna gefen amya ba gabanta ba, minti 20, ka ƙirga nawa ne ke shawagi a kowace ƙofa kuma wace amya suka fi tsarewa. Ka make guda ɗaya ba tare da ka dagargaza shi ba, ka sa a kwalba da ɗan sipirit, ka ɗora shi kusa da rula ko murfin biro ka ɗauki hoto ta sama da ta gefe yadda ƙafafu da fuska za su fito. In ka ga baƙin jiki da ƙafa ruwan ɗorawa, ko ja mai ɗamara kuma ya fi ƙudan zuma girma sosai, to wannan ya wuce ni da kai, ka kai kwalbar tsangayar aikin gona ta BUK ko ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, a duba, a kuma sanar da hukumar NAQS mai kula da shigowar ƙwari da cututtukan gona, a ranar ba sai wani satin ba. In kuma siriri ne mai cikin ɗorawa, ɗauki fartanya ka zagaya neman ramukan nan a cikin yashi. Ko ma wanne ne turo min hoton, ka kuma gaya min nauyin akwatunan da ka ɗaga da ko ka ga suna shigowa da garin fure a ƙafa, daga nan zan san ko sarauniyar tana ƙwai har yanzu. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya ba da zuma mai albarka.